Fim ɗin kyanwoyi: gatsen da ƴan makaranta suka yi wa masu zargin makirci

A garin Bondy, gabas da birnin Paris na ƙasar Faransa, akwai wata makarantar koyon sana'a da ake kira Lise Madeleine Vionnet. A shekarar 2016 ɗaliban wani aji na makarantar suka fitar da ɗan gajeren fim wanda bai kai minti goma ba. Wani matashin mai shirya fina-finai, William Laboury, shi ya kama musu, a ƙarƙashin shirin koyar da yara karatun hoto na gidan nune-nunen Le BAL. Babu kamfanin sinima a bayansu, babu shahararren ɗan wasa a ciki. Abin da fim ɗin ya zo da shi kuwa babbar magana ce: wai kyanwoyi ne ke juya duniya a ɓoye, ɗan Adam bai sani ba.

Lokacin da aka yi aikin, hankalin hukumomin ilimi na Faransa a tashe yake. Bayan hare-haren da aka kai a Paris a shekarar 2015, malamai da dama sun tarar ɗalibansu sun fi gaskata abin da suka gani a intanet bisa ga abin da jarida ko malami ya faɗa. Duk abin da ya auku, sai a sami mai cewa shiri ne, akwai wasu manya a bayan labule, kuma duk wanda ya musa to ko dai an saye shi ko kuwa barci yake. Gardama da mai irin wannan ra'ayi tana da wuya, domin kowace hujja aka kawo masa sai ya mai da ita shaidar cewa maƙarƙashiyar ta fi yadda ya zata zurfi. Ɗaliban Bondy ba su shiga gardamar ba. Sai suka ce bari su ƙera tasu ƙaryar da hannunsu, su ga da me da me ake haɗa ta.

Kyanwa, wadda wasu ke kira mage ko mussa, tana da tarihin da maƙaryaci zai jingina da shi. Misirawan dauri sun girmama ta, suna da abar bauta mai kan kyanwa da ake kira Bastet, har gawar kyanwa sukan shafe da magani su naɗe su adana. A shekarun 1960 kuma hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ta gwada dasa wa kyanwa na'urar sauraro a jiki don ta riƙa ɗauko zancen mutane. Aikin bai yi nasara ba, aka watsar da shi. Waɗannan duka gaskiya ne. Aikin mai zargin makirci shi ne ya jera gaskiya biyu ko uku irin waɗannan, ya cusa wata maganar da ba wanda zai iya tabbatarwa, sa'an nan ya ɗora ƙaryarsa tsagwaronta a ƙarshe, lokacin da mai kallo ya riga ya saba da gyaɗa kai.

Haka rabin farko na fim ɗin yake tafiya. Ana jin murya mai nauyi kamar ta mai karanta sanarwar rasuwa, ga kiɗa mai tsinka zuciya, ga hotunan kyanwoyi da aka zaɓo masu ban tsoro. Rabi na biyu kuwa shi ne tonon asiri. Ɗaliban suka warware abin da suka saƙa, suka nuna kayan haɗi goma da suka yi amfani da su: tun daga murya da kiɗa, da maganganun manyan mutane da aka tsamo don su dace da buƙata, har zuwa dabarar yanka hotuna da jera su, da ƴan gyare-gyaren kwamfuta. Mai kallo da ya ji gabansa ya ɗan faɗi a minti na uku, a minti na shida sai ya ga igiyar da aka ja shi da ita.

Irin wannan fim ba ya cin kuɗi da yawa, kuma dalilin abin lura ne. Fina-finan masu zargin makirci su kansu da tarkace ake yin su: tsofaffin hotuna, guntayen labaran talabijin, jan da'ira a kan wani lungu na hoto, da tambayar da ba a ba ta amsa. Mai kwaikwayonsu ba ya buƙatar babbar kamara. Wayar hannu da kwamfuta da ɗaki marar hayaniya don ɗaukar murya sun isa. Wahalar tana wajen rubutu da jeri. Ba'a da dabbobi ma ba baƙuwa ba ce a sinimar Nijar: marigayi Moustapha Alassane, wanda ya zauna a Tawa, tun 1966 ya zana kwaɗi a ɗan fim ɗinsa Bon voyage Sim, inda ya yi wa ziyarce-ziyarcen shugabannin ƙasa shaguɓe cikin ƴan mintoci.

Amma gatse yana da haɗarinsa, kuma wanda ya fi kowa ɗanɗana shi shi ne William Karel. A shekarar 2002 tashar Arte ta nuna fim ɗinsa mai suna Opération Lune, na minti 52. Labarin da ya ƙago shi ne, wai gwamnatin shugaba Nixon ta sa mashahurin mai shirya fina-finan nan Stanley Kubrick ya ɗauki hotunan saukar ɗan Adam a kan wata na Yulin 1969 a cikin ɗakin ɗaukar fim. Shi ma daga gaskiya ya faro: Kubrick ya yi amfani da wani gilashin kamara na kamfanin Zeiss, irin wanda aka ƙera wa hukumar NASA, don ya ɗauki hoto da hasken kyandir a fim ɗinsa Barry Lyndon na 1975. A cikin fim ɗin Karel ana ganin Henry Kissinger da Donald Rumsfeld da Alexander Haig suna magana, har da matar Kubrick da ɗan sama jannati Buzz Aldrin. Maganganun manyan jami'an nan a kan wani batu daban suka yi su, Karel ya yanka ya jera har suka zama kamar ikirari. Wasu shaidun kuwa ƴan wasa ne, ya laƙa musu sunayen mutanen cikin fina-finai, irin su Jack Torrance da David Bowman, don mai ido ya gane. A ƙarshe ya nuna ƴan wasan suna tuntuɓen harshe suna dariya.

Duk da haka, da fim ɗin ya shiga intanet, sai aka riƙa yanko guntayensa, a zubar da ƙarshen, a yaɗa su a matsayin hujjar cewa ba a taɓa zuwa wata ba. Mutanen da aka yi fim ɗin don a yi musu dariya su suka fi cin moriyarsa. A shekarar 2002 ɗin dai, a ƙasar Suwidin, Johan Löfstedt ya yi wani na kusan rabin awa mai cewa gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta duniya ta 1958, wadda Brazil ta ci Suwidin 5 da 2 a wasan ƙarshe, ba a yi ta ba sam. Nufinsa ya nuna yadda masu musun kisan ƙare-dangin da aka yi wa Yahudawa ke gina maganarsu.

A wannan yanki an san abin da raɗe-raɗi ke jawowa. A shekarar 2003 aka yaɗa cewa maganin rigakafin shan inna yana ɗauke da abin hana haihuwa, jihar Kano ta dakatar da ɗiga shi har zuwa Yulin 2004, maganar ta tsallako iyaka zuwa garuruwan jihohin Maraɗi da Damagaram, cutar kuma ta sake ɓulla a ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita. Sai dai iyayen da suka ɓoye ƴaƴansu ba wawaye ba ne. Da yawansu suna tune da 1996, lokacin annobar sanƙarau, da aka yi gwajin maganin Trovan da ya shafi yara kimanin 200 a Kano, 11 suka mutu, aka yi shekaru ana shari'a. Wanda aka taɓa cuta yana da dalilin zargi. Fim ɗin da zai fito da shi a matsayin sakarai zai ba waɗanda suka riga suka yarda dariya, shi kuwa ya tashi ya bar wurin da ra'ayinsa, har da ƙarin haushi.

A nan zaɓin ɗaliban Bondy ya fi na Karel hikima, ko da yake shi ya fi su ƙwarewa nesa ba kusa ba. Ba su taɓa addinin kowa ba, ba su taɓa ƙabila ko wata masifa da ta ci rayuka ba, kuma ba mai zargin suka yi wa ba'a ba, dabarar da ake kama shi da ita suka tsiraita. Sun ba tonon asirin rabin fim ɗin sukutum, maimakon ƴan daƙiƙoƙi bayan an fara tashi. Malaman makarantu a Faransa sun ɗauke shi abin koyarwa a aji. In kuwa wani ya yanke rabi na biyu ya tura na farko ta WhatsApp, kamar yadda aka yi wa Karel, iyakar wadda za a zarga ita ce kyanwar da ke kwance a gindin murhu.