Zaizayar Ƙarfe Tsakanin Sarƙa da Fallen Zarton Inji

A shekarar 1947 ne wani mai sarar katako a jihar Oregon ta Amurka, Joseph Cox, ya fitar da irin sarƙar da zarton inji ke aiki da ita a yau, bayan ya lura da yadda tsutsar wani ƙwaro ke cin itace da muƙamuƙanta masu lanƙwasa. Sai dai haƙoran ba su ne kaɗai ke shan wahala ba. Akwai wata ɓarna da ke gudana a ɓoye, tsakanin sarƙar da dogon fallen ƙarfen da take kewayawa.

Gefen fallen yana da kwarmi mai faɗin milimita 1.3 zuwa 1.6 a yawancin injuna. Harsunan sarƙar suna gudu cikin kwarmin, jikinta kuwa yana zamewa bisa leɓɓansa biyu, da saurin kusan mita 20 a daƙiƙa. Abin da ke raba ƙarfe da ƙarfe a nan mai ne kawai, kamar yadda ruwan gaɓa ke raba guringuntsin gwiwa da ɗan'uwansa. Bambancin shi ne, jiki yana sabunta ruwansa, inji kuwa sai an zuba masa. Da zarar man ya yanke, zafi zai tashi, har leɓɓan su yi shuɗi, alamar cewa ƙarfen ya fara rasa taurinsa.

Babban abokin gaba shi ne yashi. Ƙwayarsa ta fi ƙarfen fallen tauri, saboda haka ƙurar hunturu da ta maƙale a ɓawon itace, in ta gauraya da mai, sai ta zama tamkar dutsen wasa wuƙa. Baƙin man mota da wasu ke zubawa don sauƙin kuɗi ƙara dagula lamarin yake yi: yana ɗauke da garin ƙarfe, ba ya manne wa sarƙa, kuma yawan taɓa shi na da haɗari ga fata.

Masu aikin kan ce sarƙa ta miƙe. A gaskiya ba miƙewa ta yi ba. Ƙusoshin da suka haɗa gaɓoɓinta ne da ramukansu suka cinye, sai ɗan giɓin kowace gaɓa ya taru ya zama tsawo. Sarƙar da ta saki tana dukan fallen, tana iya ma tsalle ta raunata mai riƙe da injin. In kuma leɓe ɗaya ya fi ɗaya cinyewa, sarƙar za ta karkata, yanka ya tafi a karkace komai ƙwarewar mutum.

Shi ya sa ake juya fallen sama ya koma ƙasa lokaci-lokaci, a share kwarmin da ramin mai, a goge kaifin da ya fito a gefen leɓɓa da magagari. Sarƙar da aka ɗaure da zafi kuwa, a sassauta ta bayan aiki, domin in ta huce takan tsuke ta ja sandar injin.