Tsaya wa Mutum Bashi Ba Shaidar Hali Ba Ce

Da yawa daga masu sa hannu a takardar lamuni suna zaton shaida kawai suke bayarwa cewa ɗan'uwansu mutumin kirki ne. Doka ba haka ta ɗauke shi ba. Wanda ya tsaya wa wani ya yi alkawari ne cewa in mai cin bashin ya gaza, shi zai biya daga aljihunsa. Nauyin wannan alkawari ya sa tun 1677 dokar Ingila, wadda Nijeriya ta gada, ta wajabta a rubuta shi, a sa hannu.

Wani zai ce ai ko kwabo bai ci ba, don me za a kama shi? Amma saboda sunansa aka ba da kuɗin. Ba don shi ba, da banki bai buɗe asusunsa ba. Fiƙihun Malikiyya ya sassauta: ba a bin mai lamuni sai wanda ake bi ya ɓace ko ya tsiyace. Takardun banki kuwa sau da yawa ba su da wannan rangwame. A ƙananan rubutun da ke saman layin sa hannu ake cusa sharaɗin cewa ana iya fara bin mai tsayawar bashin, har da kuɗin ruwa.