Hutun Ƙarshen Damina a Ƙauye: Abin da Yara Ke Kwasowa Daga Bakin Ruwa

Daga ƙarshen watan Agusta zuwa farkon Satumba, gab da komawa makaranta, akwai wata tafiya da ba a sa mata rana a ƙasar Jega da Aliero da Maiyama. Da safiyar Asabar maigida zai leƙa waje ya ga gari ya washe bayan malka, sai ya ce da uwargida, "Shirya yaran nan mu je gida mu gaida su Inna." Kafin hantsi an cika mota ko an jera a babur. Ma'aikacin jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006 ya nufi Sabiyal ko Danwarai, ɗan kasuwar Jega ya bi hanyar Kimba, wani ya gangara kudu zuwa Andarai ko Mungadi. Gona ake zuwa, da gidan kakanni.

Lokacin kuwa ya dace. Gero ya nuna ana gasa tumu, ga masara, ga dafaffiyar ɗanyar gyaɗa, yaron da ya tashi a gidan haya kuma ya samu filin da zai yi gudu har ya gaji. Ina cikin masu goyon bayan wannan tafiya, kuma kimiyya na tare da mu. A wani bincike da aka yi a makarantun firamare na birnin Guangzhou na ƙasar Sin, aka wallafa a 2015, an ƙara wa wasu yara minti 40 na wasa a waje kowace ranar makaranta har shekara 3. A cikinsu kimanin 30 cikin 100 suka samu matsalar rashin gani daga nesa, a cikin waɗanda ba a ƙara wa ba kuwa kusan 40 cikin 100. Masana na ganin hasken rana ne ke hana ƙwayar idon yaro yin tsawon da ya wuce kima. Kwana biyu ba za su yi wannan aikin ba, amma yaron da ya ɗanɗani daɗin fili ya fi sauƙin rabawa da wayar uwarsa.

Damuwata ruwa ce. Gulbin Zamfara ya ratsa ƙasar Jega, idan ya yi ambaliya ya cika fadamu, idan ya janye ya bar tafkuna da kududdufai. Ga kuma ramukan da aka haƙi ƙasar gini ko ta titi, waɗanda ke riƙe ruwa har cikin hunturu. Da rana ta take, 'yan uwan ƙauye za su ja baƙinsu zuwa can, manya na gindin bishiya ana hira.

Haɗarin farko kowa ya san shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ruwa ya ci a 2021, kusan kashi ɗaya bisa huɗu nasu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Yaron da ruwa ke ci ba ya ihu, domin bakin da zai yi ihun da shi yake neman numfashi, kuma ruwan da bai kai gwiwar babba ba ya isa. Al'adarmu ta damƙa wa yarinya 'yar shekara 8 renon ƙaninta tana da amfani a tsakar gida. A bakin tafki sai babba, wanda ya san shi aka ɗora wa.

Na biyun ne ba a gani, kuma shi ya fi dacewa a tsaya a kansa: tsargiya, wato fitsarin jini. Wata tsutsa ce ke kawo ta, wadda wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano a Alƙahira a 1851, Najeriya kuma ita ce ƙasar da ta fi kowace yawan masu fama da ita. Mutane da dama na ɗauka shan ruwan tafki ke jawo ta. A'a, ta fata take shiga. Mai ɗauke da cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen da ke cikin fitsarin su ƙyanƙyashe, 'ya'yan su nemi wani ƙaramin dodon koɗi da ke maƙale a ganyen bado da ciyawar bakin ruwa. A cikinsa suke hayayyafa na tsawon makonni, daga nan ya riƙa sako dubbai cikin ruwa, ƙanana ƙwarai, masu wutsiya. Sun fi fitowa da tsakar rana, daidai lokacin da zafi ke kora yara wanka. Cikin 'yan mintoci suke huda lafiyayyar fata, ba sai da ciwo ko tsaga ba. Tsayawa a ruwa zuwa idon sawu ana kamun kifi da gwangwani ya wadatar.

Dodon koɗin nan yana iya lafewa cikin laka duk rani ya farfaɗo da saukar ruwa. Shi ya sa tsohon tafki mai ciyawa, wanda ke cika kowace shekara a wuri guda kuma duk yaran gari ke wanka a ciki, ya fi haɗari bisa ruwan da ya taru a tsakar gida bayan ruwan daren jiya.

A ranar, abin da yaro zai ji bai wuce ɗan ƙaiƙayi ba, wani ma ko shi babu. A koma gida ranar Lahadi da buhun masara, a shiga hidimar kuɗin makaranta. Tsutsar kuwa tana bin jini, ta girma a jijiyoyin hanta, namiji da mace su haɗu su sauka jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara, su zauna shekaru suna zuba ƙwai ɗaruruwa kullum. Ƙwan nan mai ƙaya ne a gindinsa. Wasu su keta bangon mafitsara su fita da fitsari, su ne ke kawo ɗigon jini a ƙarshen fitsari. Wasu su maƙale a nama, jiki ya yi ta yaƙi da su yana barin tabo. Daga ranar wanka zuwa ganin jini akan ɗauki mako 10 zuwa 12. Wato wankan Satumba sai wajen Disamba yake bayyana, lokacin da hazo ya rufe gari, manoman Aliero suna tsakiyar ban ruwan albasa, ba wanda ke tuna wata Asabar ta ƙarshen damina. Sai a ce zafi ne, ko shawara, a jiƙa saiwa. A wurare da yawa har ana ɗaukar jinin a matsayin alamar balagar ɗa namiji, wanda babu gaskiya a ciki ko kaɗan. Idan aka bar ta, tana jawo ƙarancin jini da kasala a aji, tana iya toshe hanyar fitsari ta taɓa ƙoda, tana da alaƙa da sankarar mafitsara a girma. Yara mata sun fi shiga uku, don nasu ba a cika gani ba, ƙwan kuma na yin illa ga al'aura da mahaifa.

Maganinta mai sauƙi ne, ƙwayar furazikwantal, ana ba da ita gwargwadon nauyin yaro, ita ce ake rabawa a makarantu ana auna tsawon ɗalibi da sanda. Sai dai tana da sharaɗi: manyan tsutsotsi take kashewa, ba ta cika yin tasiri a kan ƙanana ba. Uban da ya ruga kemis ranar Litinin ya saya ya ɗura wa yara bai yi komai ba, sai an bar mako 6 zuwa 8 bayan shiga ruwan. Rabon makaranta kuma ya daɗe yana tsallake ƙananan da ba su isa shiga aji ba, alhali su ma ana tsoma su a tafki ana musu wanka. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗaɗa shawararta ta haɗa da yara daga shekara 2.

Ba lallai a hana wanka ba. Waɗannan 'ya'yan tsutsa ba sa daɗewa a ruwa idan ba su samu mutum ba, don haka ruwan tafkin da aka ɗebo aka ajiye a randa kwana 2 ya yi kyau a yi wanka da shi, haka wanda aka tafasa ya huce. Ruwan rijiya da na famfon burtsatse ya fi. Goge jiki da tawul bayan fitowa ba abin dogaro ba ne.

Idan tafiyar ta kwana ce, sauro ya shigo lissafi. Binciken ƙasa na 2021 ya nuna yara 49 cikin 100 a Kebbi na ɗauke da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, mafi yawa a Najeriya, inda matsakaicin ƙasa ya tsaya a 22. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka fara allurar rigakafin cutar a Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024. A naɗe gidan sauro a sa a kaya, kada a yi zaton akwai rara a ɗakin Inna. Maganin rigakafin damina da ake bi gida gida ana ba 'yan wata 3 zuwa 59 na kwana uku ne a jere, don haka idan tafiyar ta faɗo tsakiya, a tafi da ragowar ƙwayoyin. Zazzaɓin da aka kwaso a ƙauye yakan tashi bayan kwana 10 zuwa 15. Takalmi da tocila kuma saboda kububuwa da kasa. In an yi rashin sa'a, babu tsaga, babu tsotsa, babu ɗaure ƙafa tamau da igiya, sai a hana yaron tafiya da ƙafarsa a ɗauke shi zuwa asibiti.

Wanda yaransa suka riga suka shiga tafki a bana, ya riƙe watan a ransa, ya faɗa wa ma'aikacin lafiya da bakinsa ko ba a tambaye shi ba. Gwajin na fitsari ne, an fi samun ƙwan a fitsarin da aka yi tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, musamman ɗigon ƙarshe. A kai duk waɗanda suka yi wankan tare, har da wadda ba ta ce ta ga komai ba.