Ko Ka Sani? Iskar Taya Kan Kayar da Gwanin Tseren Babur

Ko ka san a gasar tseren babur ta MotoGP mutum na iya shigowa na biyu, alƙalai su mayar da shi na 14 saboda iskar taya kawai? Abin da ya sami Maverick Viñales ke nan a Katar a 2025. Iskar tayarsa ta gaba ta yi ƙasa da ƙa'ida, sai aka ƙara masa daƙiƙa 16 a kan lokacinsa. Tun 2024 dokar gasar ita ce kada iskar tayar gaba ta gaza bar 1.80, wato kusan psi 26, a aƙalla kashi 60 cikin ɗari na zagayen tseren.

Me ya sa ake tsananta wa 'yan tsere haka? Idan aka ɗan rage iska, taya takan ƙara shimfiɗuwa a kwalta, ta kama ƙasa sosai a kwana. Amma in ragin ya yi yawa, jikinta zai yi ta lanƙwasa yana ɗaukar zafi har ya lalace ana tsaka da gudu. In kuma iskar ta yi yawa, wurin da ke taɓa kwalta ya tsuke, babur ya riƙa zamewa wajen kama birki. Ga shi iskar ba ta zama wuri ɗaya. Duk ƙarin zafi na digiri biyar zuwa shida a ma'aunin Salshiyas yakan ɗaga ta da kusan psi ɗaya. Ko bin bayan wani babur kurkusa yana ɗumama tayar gaba.

Manyan 'yan tsere suna da na'ura a cikin kowace taya mai aiko da lissafi. Wanda kuwa yake shiga filin tsere da babur ɗinsa don sha'awa, gejin hannu na auna iska ne madogararsa.

Gejin mai allura yana aiki ne da dabarar wani Bafaranshe, Eugène Bourdon, wanda ya yi mata rajista a 1849. A cikinsa akwai siririn bututun ƙarfe a lanƙwashe kamar lauje, bakinsa ɗaya a toshe. Da iska ta shiga, sai bututun ya nemi miƙewa. Wannan ɗan motsi ne wasu ƙananan haƙora ke juyawa su kaɗa allura. Shi ya sa faɗuwa ɗaya a kan siminti kan iya ɓata gejin, alhali daga waje lafiya lau yake.

Wajen saye, abin dubawa na farko shi ne iyakar lambobinsa. Irin wannan geji ya fi faɗin gaskiya a tsakiyar fuskarsa, kuma sau da yawa ana lissafa kuskurensa ne daga lambar ƙarshe. A ce kuskuren kashi 2 ne cikin ɗari. Gejin babbar mota mai kaiwa psi 160 zai iya ɓata da sama da psi uku, mai tsayawa a 60 kuwa da ɗaya da 'yan kai. Tunda iskar tayar tsere ba ta cika nisa da psi 30 ba, mai 60 shi ne daidai. Ba a auna zinariya da sikelin buhun masara.

Sai a nemi mai maɓallin sako iska, don a cika taya ta ɗan wuce, a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan ba tare da an cire bakin gejin ba. Ya kasance da tiyo mai lanƙwasa, domin faifan birkin gaba yakan tare hanyar bawul, ga shi da zafi bayan gudu. Rigar roba na kare gejin daga buguwa. Mai batir da lambobi ya fi sauƙin karantawa, sai dai yawan lambobi ba shaidar gaskiya ba ne.

Masu wannan harka sukan riƙe geji ɗaya, ba sa yawan aro. Suna auna taya kafin fita, su sake aunawa da sun dawo tana da zafi, su rubuta. Lokaci-lokaci sukan gwada nasu da na ma'aikatan kamfanin taya. Gejin da aka san kullum yana ƙara psi ɗaya ana iya aiki da shi. Wanda yau ya ce kaza, gobe ya ce kaza, a jefar.