Kula da Lafiyar Kwikwiyo a Gida

A ƙasar Hausa ba kasafai ake ajiye kare don sha'awa kawai ba. Maharbi yana kiwonsa don farauta, makiyayi don tsaron garke, magidanci kuwa don gadin gida ko gona. Amma ko don me aka ajiye shi, yawanci da ƙuruciyarsa ake samo shi, kuma sau da yawa ɗawainiyarsa kan faɗa a kan yaran gida, wato irinku ɗalibai masu karanta wannan mujalla. Watanni huɗun farko su ne mafi haɗari a rayuwar kwikwiyo, kuma akwai dalilin kimiyya da ya sa haka.

Idan karya ta haihu, nonon farko da take fitarwa, watau dakashi, yana ɗauke da sinadaran garkuwar jikinta. Hanjin kwikwiyo yana iya tsotse waɗannan sinadarai zuwa cikin jini ne a yini ɗayan farko kaɗai. Bayan nan ƙofar ta rufe. Wannan garkuwa ta aro ita ke kare shi, amma tana raguwa a hankali, har ta ƙare tsakanin mako 6 da mako 16 na haihuwa. Ke nan a daidai lokacin da aka raba shi da uwarsa aka kai shi baƙon gida, garkuwar aro tana gab da ƙarewa, tasa kuma ba ta kafu ba. Don haka bai kamata a ɗauke kwikwiyo daga uwa ba sai ya kai mako 8, ko da kuwa ya fara lasar abinci tun yana mako 4.

Yadda ake gane mai lafiya

Wanda bai san lafiyayyen kwikwiyo ba, ba zai gane marar lafiya ba. Zafin jikin kare ya fi na mutum: namu kusan digiri 37 ne a ma'aunin Salshiyas, nasa kuwa tsakanin 38 da 39 ne ko ɗan sama kaɗan. Saboda haka jin ɗumi a jikinsa ba shi ke nuna zazzaɓi ba. Ana auna shi ne da ma'aunin zafi da aka shafa wa basilin, a sa shi a dubura a hankali. In ya kai digiri 40, akwai magana. Jarirai 'yan ƙasa da mako 4 su kuma ba su iya riƙe ɗumin jikinsu, shi ya sa sanyin hunturu kan kashe su idan aka bar su a fili.

Ma'auni na biyu ba ya bukatar kuɗi. A ɗaga leɓensa a dubi dasashi. Na mai lafiya ja-ja ne, da danshi. In ya yi fari fat, jini ya yi ƙaranci. Sannan a kama fatar ƙeyarsa a ɗaga, a saki. In ta koma nan take, da ruwa a jikinsa. In ta tsaya ko ta koma a hankali, ruwan jikinsa ya ragu.

Rauni da ƙurji

Kwikwiyo ba ya zama wuri ɗaya, don haka ba ya rasa ƙujewa, ko sukar ƙaya, ko yankan fasasshiyar kwalba. Idan jini na zuba, a danne wurin da ƙyalle mai tsabta na kamar minti 5, kada a riƙa ɗagawa ana leƙawa, domin hakan yana tsinke daskarewar jinin. In ya tsaya, a rage gashin gefen raunin da almakashi, a wanke shi da ruwan gishiri. Yadda ake haɗa shi: cokalin shayi ɗaya na gishiri, ba tare da tozo ba, a cikin rabin lita na ruwan da aka tafasa ya huce. Wannan awo ya yi kusa da gishirin da ke cikin jini, shi ya sa ba ya cutar da naman da ke ƙoƙarin haɗewa. Sifirit kuwa, ko da yake yana kashe ƙwayoyin cuta, yana ƙona naman tare da su. In akwai aidin, a surka shi da ruwa har ya koma kalar shayi marar kauri, sannan a shafa. A maimaita wankin safe da yamma.

Raunin da ya fi yaudara shi ne cizon wani kare. Daga waje ƙaramin rami ne, amma haƙori ya kai ƙwayoyin cuta can ciki, fata kuma ta rufe a kansu; bayan kwana 2 ko 3 sai wurin ya kumbura da mugunya. Wannan ba na gida ba ne. Haka kuma raunin da ya buɗe baki, ko na ido, ko ƙafar da ya ƙi takawa har kwana guda: duk na likitan dabbobi ne.

Akwai wani ƙurji da ya kamata a ɗan tsaya a kansa, domin yana yawan kama kwiyakwiyai a Afirka ta Yamma, musamman da damina, kuma yana tsorata masu su fiye da kima. Za a ga ƙuraje kamar maruru a ciki, ko ƙafafu, ko gindin wutsiya, kowanne da ƙaramin rami a tsakiya. Wani ƙuda ne, wanda masana ke kira Cordylobia anthropophaga, yake yin ƙwai a kan yashi mai inuwa wanda fitsari ko kashi ya ɓata. In ƙwan ya ƙyanƙyashe, sai 'yar tsutsar ta jira dabba ta kwanta, ta huda fata ta shige. A nan take girma na kwana 8 zuwa 12, tana numfashi ta wannan ramin. Sanin haka shi ne maganin: a toshe ramin da basilin, in iska ta yanke mata sai ta yunƙuro waje, a matsa gefen ƙurjin da yatsu biyu ta fito ɗungurungum, a wanke da ruwan gishiri. Kada a tsire ta da allura, don in ta fashe a ciki wurin zai ruɓe. Sai kuma a share makwancinsa a canza masa wuri, in ba haka ba gobe ma za a sake. Wannan ƙuda kuwa bai bar mutane ba. Yana yin ƙwai a kan tufafin da aka shanya a ƙasa, kuma guga mai zafi ke kashe ƙwan.

Kaska, ƙazuwa da tsutsar ciki

Kaska ba shan jini kaɗai take yi ba, tana kuma zuba wa kare ƙwayoyin cutar da ke lalata jininsa, su jawo zazzaɓi da kasala. A riƙa duba cikin kunne da tsakanin yatsu. A kama ta da hantsaki dab da fata, a ja kai tsaye a hankali, kada a matse cikinta.

A nan ne kuma ake yin ɓarna mafi muni. Wasu kan shafa wa kwikwiyo baƙin mai ko kananzir don ƙazuwa, wasu su yi masa wanka da fiya-fiya don ƙuma da kaska. Fatar kwikwiyo siririya ce, jikinsa ƙarami, kuma duk abin da aka shafa masa sai ya lashe. Fiya-fiya guba ce mai kama jijiyoyi: dalala, da makyarkyata, da farfaɗiya, sai mutuwa. Ƙazuwar kare tana da magani ingantacce a wurin likita. Haka nan magungunan ciwon jiki na mutane, irin su farasitamol da ibufurofen: hantar kare da ƙodarsa ba sa sarrafa su kamar namu, kuma ƙwaya ɗaya ta babban mutum tana iya yi wa ɗan kwikwiyo lahani.

Tsutsar ciki kuwa kusan kowane kwikwiyo yana da ita. Wata doguwa mai suna Toxocara canis tana shiga jikinsa tun yana cikin uwa, ta hanyar mabiyiya, wato ana haihuwarsa da ita. Wata ƙarama mai ƙugiya tana biyo nono, ta maƙale a hanji tana shan jini. Alamunsu su ne ƙaton ciki, da rama, da gashi marar sheƙi, da farin dasashi. Ana fara ba da maganin tsutsa tun yana mako 2, a maimaita duk bayan mako 2 har ya kai mako 8 ko 12, sannan wata-wata har ya yi wata 6, kuma gwargwadon nauyinsa ake ba shi. Wannan ya shafi mutanen gida, domin ƙwan tsutsar yana fita a kashi ya daɗe a ƙasa, yaro mai rarrafe kuma yana kai ƙasa baki. Tsutsar na iya yawo a jikinsa har ta kai ido. A riƙa kwashe kashin kullum, a wanke hannu da sabulu.

Gudawa iri biyu ce

Kwikwiyon da aka sauya wa abinci farat ɗaya, ko aka ɗura wa madarar shanu, yakan yi gudawa, domin bayan yaye hanjinsa ba ya narkar da sukarin madara sosai. In yana wasansa, yana shan ruwa, ba ya amai, sai a ba shi dafaffiyar shinkafa da ɗan nama marar kitse, kaɗan-kaɗan, a ajiye masa ruwa mai tsabta. Kada a hana shi abinci na tsawon yini kamar yadda ake yi wa babban kare, don sukarin jininsa yana saurin faɗuwa. A kuma kiyaye ragowar miya mai albasa da yawa, domin albasa tana fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare. Goro da cakulan ma haka, sinadaran da ke wartsake mu a cikinsu suna tayar masa da bugun zuciya. Dafaffen ƙashin kaza kuma yana tsagewa ya soki hanji.

Ɗaya gudawar dabam ce. Kwikwiyo ya ƙi abinci, ya yi laƙwas, ya fara amai, sai gudawa mai jini da wari mai tsanani. Wannan yawanci cutar farbo ce, wadda ta ɓulla a duniya a 1978. Ƙwayarta tana cinye bangon hanji, ta kuma taɓa ɓargo inda ake ƙera sojojin jini. Mafi yawan waɗanda ba a yi wa magani ba suna mutuwa cikin 'yan kwanaki, amma da yawa suna tashi in an yi musu ƙarin ruwa da wuri. Ƙwayar tana rayuwa a ƙasa watanni masu yawa, shi ya sa ake samun gidan da duk kwikwiyon da aka kawo sai ya mutu, har a ce gidan ne ba ya karɓar kare. Ruwan bilic, awo 1 cikin awo 30 na ruwa, yana kashe ta a kan siminti da kwanuka. Allurar rigakafinta ana farawa a mako 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan mako 3 ko 4 har ya kai mako 16. Dalilin maimaitawar shi ne garkuwar aron nan ta dakashi: muddin tana nan takan kashe ƙarfin allurar, kuma ba wanda ya san ranar da za ta ƙare a jikin kowane kwikwiyo.

Idan kwikwiyo ya yi cizo

Kwikwiyo yana cizon wasa, musamman daga wata 4 zuwa 6 lokacin da haƙoran nono 28 ke zubewa, manya 42 ke fitowa. Amma a Nijeriya da Nijar, inda ciwon haukan kare bai gushe ba, ba a raina cizon da ya fasa fata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan 4 cikin kowane 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙanƙantar kwikwiyo ba ta hana shi ɗaukar cutar, balle wanda aka tsinto a titi ba a san uwarsa ba.

Ƙwayar tana cikin yawu, kuma ba ta bin jini. Jijiya take bi a hankali har ƙwaƙwalwa. Wannan jinkiri, wanda yakan kai wata 2 ko 3, shi ne damar da Louis Pasteur ya yi amfani da ita a Faransa a 1885, ya ceci wani yaro ɗan shekara 9 mai suna Joseph Meister da allura bayan kare ya cije shi. Da zarar alamu sun bayyana kuwa, kusan babu mai tsira. Saboda haka a wanke cizon da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15 cur, a tafi asibiti a ranar. Malamai su jaddada wa ɗalibai wannan, don yaro kan ɓoye cizo saboda tsoron faɗa. Kada a kashe karen a yar. A killace shi kwana 10 ana lura da shi. In ya mutu, a sanar da likitan dabbobi, domin akan gwada ƙwaƙwalwarsa a wurare irin su Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924. Allurar rigakafin kwikwiyon kansa ana yin ta ne yana wata 3.

Ba kowane mahaukacin kare ne ke haushi da kai farmaki ba. Wani shiru yake yi, muƙamuƙinsa ya saki, yawu na zuba, yana shaƙewa kamar ƙashi ya maƙale masa a maƙogwaro. Mai shi kuma, don tausayi, sai ya zura hannu a bakinsa yana neman ƙashin. Kwikwiyon da aka gani a wannan hali, a rufe shi a kira likita, kada kowa ya taɓa bakinsa.