Yaron da ya iya ba da canji a Tarauni, me ya sa lissafi ke kayar da shi a aji?

Da yamma a bakin titin Zariya, daidai Gyaɗi-Gyaɗi, ba wuya ka ga yarinya 'yar shekara tara tana sayar da awara. Ka ba ta naira 1,000 ka sayi ta 650, kafin ka ƙifta ido ta miƙo maka 350. Washegari a rubuta mata wannan lissafin a allo da Turanci, sai ta yi zuru.

Yarinyar ta iya lissafi. Makaranta ce ba ta karɓi wanda ta zo da shi daga gida ba.

Lissafi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa

A shekarar 1732 malamin Katsina, Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, ya rubuta littafi da Larabci kan hatimi, wato jadawalin da kowane layinsa ke ba da jimla ɗaya. Ya rasu a Alƙahira a 1741, kuma har yau masana tarihin lissafi suna ambaton sa.

Haka rabon gado. Idan mutum ya rasu ya bar mata da uwa da ɗa, matar tana da tumuni, uwar tana da sudusi. Malamin zaure zai kasa dukiyar gida 24, mata ta ɗauki 3, uwa 4, ɗa ya kwashe saura. Wannan shi ne darasin ɓangarorin lamba da ke firgita 'yan aji biyar. Ga kwano da mudu a kasuwar Tarauni, ga adashin iyaye mata, ga dara mai gurbi 30, duk kayan koyarwa ne da ba sai an saya ba.

Takaddamar harshe

A Nuwamban 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince a koyar da 'yan firamare da harshen uwa. A Nuwamban 2025 Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya sanar da soke tsarin, yana danganta shi da yawan faɗuwa jarrabawa. Masu adawa da matakin suna kafa hujja da gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda yaran da aka koyar da Yarbanci suka fi takwarorinsu ƙoƙari.

Amma ko da wane harshe za a rubuta jarrabawa, babu dokar da ta hana malami kawo misali daga unguwar ɗalibinsa.

Aikin hedimasta ne

Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a Kano a watan Yunin 2024. Gyaran azuzuwa da ɗaukar malamai na hannun gwamnati, sai dai abin da ke faruwa cikin darasi yana hannun shugaban makaranta. Shi zai ware wa malaman lissafi lokaci su shirya darasi tare, ya shiga aji ya ga yadda ake koyarwa, ya gayyato tela ko mai awo ya nuna wa yara yadda yake aunawa. Shi ne kuma zai kare malamar da ta shigo da kwano aji daga masu cewa wasa take yi.

Iyaye ma da nasu. In za ku kasuwa, ku bar yaro ya lissafa kuɗin cefane, sannan ya rubuta yadda ya yi a littafinsa.