Ƙari a fuskar doki: yadda ake gasa shi da haske, da abin da mai doki zai yi

Ƴan uwa manoma da makiyaya na Ollelewa da sauran ƙasar Damargu, kowa ya san darajar doki a wurinmu. Da shi ake hawan salla, da shi ake sukuwa ranar biki, wasu kuma da shi suke jan amalanke zuwa kasuwar Bakin Birji. Idan wani tsiro ya fito a fuskar doki ko a gefen idonsa, hankalin mai shi yakan tashi. Da yawa sukan ɗauko wuƙa ko ƙarfe mai zafi. A wannan shafi za mu bayyana mene ne ƙari, yadda ake maganinsa da haske a wasu ƙasashe, da abin da ya kamata mu yi a nan gida.

Mene ne ƙari?

Jikin dabba, kamar jikin mutum, an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani. Suna haihuwa, suna mutuwa, bisa ƙa'ida. Wani lokaci wasunsu sukan ɓata, su yi ta yawaita ba tsayawa. Tarinsu shi ne ƙari. Akwai ƙarin da yake zama wuri ɗaya. Akwai kuma mai cin naman da ke kewaye da shi, har ya bazu cikin jiki. Wannan shi ake kira ciwon daji.

Iri uku ne suka fi kama kai da fuskar doki.

Na farko, likitoci suna kiransa sarkoyid. Shi ne ƙarin fata da ya fi yawa a dawaki, jakuna da alfadarai. Yakan fito a fatar ido, kunne ko gefen baki. Wani yana kama da busasshen tabo marar gashi, wani kuma jan nama ne mai zubar da jini. Yana da alaƙa da wata ƙwayar cuta ta shanu, kuma masana suna zargin ƙudaje da ɗaukar ta zuwa kan rauni.

Na biyu, ciwon dajin fata mai kama ido da fatar ido. Hasken rana mai ƙarfi yana daga cikin abubuwan da ke jawo shi. Ya fi samun dokin da fatar gefen idonsa fara ce ko ja, kamar wasu danda.

Na uku, baƙin ƙari mai kama kili idan ya tsufa. An fi ganinsa a ƙarƙashin wutsiya, amma yana fitowa a gindin kunne.

Ba kowane kumburi ne ƙari ba

Abubuwa da yawa suna kumbura fuskar doki. Ruɓaɓɓen haƙori yana kumbura muƙamuƙi, ya sa majina mai wari ta riƙa fita ta hanci ɗaya. Akwai cutar da ke tara mugunya a ƙarƙashin haɓa, tare da zazzaɓi, kuma tana yaɗuwa tsakanin dawaki da jakuna. Akwai gyambon da tsutsar da ƙuda ke ajiyewa a gefen ido take haddasawa lokacin zafi da damina. Kowannensu da maganinsa dabam. Shi ya sa likita yakan yanki ɗan nama kaɗan, a duba shi da madubin likita kafin a tabbatar.

Yadda ake gashi da haske

A shekarar 1895 wani Bajamushe mai suna Rontgen ya gano wani haske da ido ba ya gani, wanda yake ratsa nama. Da shi ne ake ɗaukar hoton ƙirji da na ƙashi a asibiti. A 1898 Mari Kuri da mijinta, a Faransa, suka gano sinadarin radiyom mai fitar da irin wannan haske da kansa. Yuraniyom da ake haƙowa a Arlit tun 1971 shi ma yana cikin dangin waɗannan ma'adinai.

Likitoci sun lura cewa idan aka ƙara wa hasken ƙarfi, yana lalata ƙwayoyin halitta, musamman masu saurin yawaita irin na ƙari. Lafiyayyen nama ya fi saurin farfaɗowa. Don haka akan raba gashin kashi-kashi, a ba jiki hutu tsakani. Ana kiransa gashi, amma babu wuta a cikinsa, kuma ba a jin zafi lokacin da ake yinsa.

Hanya biyu ake bi wajen doki.

Hanya ta farko, babbar na'ura ce take harba hasken daga waje. Ana amfani da ita ga ƙari mai zurfi, kamar na cikin hanci ko na ƙashin muƙamuƙi. Dole doki ya kwanta ba motsi, saboda haka kowane zuwa sai an yi masa allurar barci. Wani lokaci akan yi haka sau goma cikin ƴan makonni. Saboda girman doki, kai da ƙafafu ne suka fi shiga ƙarƙashin na'urar.

Hanya ta biyu, ana sa abin da ke fitar da hasken a cikin ƙarin kansa, ko a bisa shi. Akan yi amfani da wani ƙarfe mai suna iridiyom, siriri kamar zare. Wannan hanya ta fi dacewa da ƙarin gefen ido. A shekarar 2000, likitocin jami'ar Libaful ta Ingila sun buga sakamakon dawaki 445 masu sarkoyid a gefen ido. Sun nuna cewa gashi da haske ya fi sauran magunguna, domin kusan duk waɗanda aka yi wa sun warke. A cikin waɗanda aka yanke wa ƙarin kawai, da yawa ya dawo musu.

Maganin yana da illa. Gashin wurin yakan zube, idan ya sake tsirowa sai ya fito fari. Fata takan yi ja, wani lokaci ido yakan samu yana. Yana kuma da tsada ƙwarai. Asibitocin dabbobi kaɗan ne suke yi wa doki, galibi a Amurka da Turai.

Ina muka tsaya a Nijar?

A watan Maris na 2021 aka buɗe sashen gashi da haske na farko a ƙasarmu, a cibiyar yaƙi da ciwon daji ta Yamai, da taimakon hukumar kula da makamashin nukiliya ta duniya. Na'urar ta mutane ce. Tsakanin Damagaram da Yamai kuwa akwai kusan kilomita 900. Mai doki a Damargu zai dogara ne ga idonsa da ga ma'aikatan kiwo.

Darasin da gashi da haske ya koyar ya shafe mu: ko a inda na'urar take, ƙaramin ƙari ya fi saurin warkewa. Haka ma sauran magunguna. Likita zai iya cire ƙaramin ƙari da duk gindinsa. Idan ciwon daji ya ci ido, zai iya cire idon, kuma doki mai ido ɗaya yana ci gaba da aiki. Idan ƙari ya shiga ƙashi, magani yakan gagara.

Abin da mai doki zai yi

1. Duba fuskar dokinka kowane mako: ido, fatar ido, kunne, hanci, leɓe da ƙarƙashin haɓa.

2. Kai shi wurin ma'aikacin kiwo idan ka ga tsiro mai girma, gyambon da ya ƙi warkewa, idon da ba ya daina hawaye, jini ko majina ta hanci ɗaya, ko doki yana zubar da abinci daga baki. Akwai ofishin kiwo a Tanut da Belbeji.

3. Kada ka yanke tsiron, kada ka yi masa lalas, kada ka shafa masa baƙin mai ko ruwan batir. Sarkoyid da aka taɓa ba a gama da shi ba yakan dawo fiye da girmansa na da. Kusa da ido kuma, hakan yana makantar da doki.

4. Kafa turke a inuwa, musamman ga doki mai farar fatar ido.

5. Kwashe kashi daga barga kullum don rage ƙudaje. Wanke kowane rauni, ka kare shi daga ƙuda.

6. Gyara ragama da linzami kada su riƙa gugar tsiron.

7. Idan akwai zazzaɓi da mugunya, ware dokin, kada ya sha ruwa a kwami ɗaya da sauran dabbobi.

8. Kai da ka koyi karatu, rubuta ranar da ka fara ganin tsiron. Auna shi da tsinke kowane mako, ka rubuta. Wannan takarda za ta taimaki likita ƙwarai.

Hausawa sun ce ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku karanta wa maƙwabtanku wannan shafi a dandali da wurin karatu. Allah ya ba mu lafiya, mu da dabbobinmu.